Tsofaffin zanen furanni biyu: na asali ne, kuma yaya ake adana su?

Malam Ɗanjuma, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina koyar da darasin tsirrai a wata makarantar sakandare a nan Garwa. An kwashe kayan wani tsohon ɗakin karatu, zanen furanni biyu a cikin firam suka faɗo hannuna, ina neman wanda ya san kansu.

Na farko tsawonsa santimita 40 ne, faɗinsa 30. Furen ja ne da rawaya, ganyayen furen sun lanƙwashe baya, bakin kowane ganyen tsiron kuma ya nannaɗe ya zama ƙugiya. A ƙasa an rubuta Methonica superba, a kusurwar hagu P. J. Redouté pinx. Ni dai a idona gatarin kurege ne da ke fitowa a bayan gari da damina, amma wanda ya ba ni ya ce lili ne na Turai.

Na biyu bai kai shi girma ba. Farin fure ne buɗaɗɗe, kowane ganyen fure da ratsin rawaya a tsakiya da ɗigo-ɗigon ja. Babu sunan tsiro, sai W. Fitch del. et lith. a hagu da Vincent Brooks Imp. a dama. Akwai lamba a sama amma katakon firam ya rufe ta. Takardar ta yi tabo-tabo kalar tsatsa, an kuma manna gefenta na sama da salatif.

Na asali ne ko kwafi? Yaya zan adana su a zafinmu? Sannan ina son ɗalibai su zana namu na gida a kan wannan tsari idan ruwa ya sauka, to ta ina ake farawa?

Alhaji Bappa Mai Ɗab'i, Ngaundere

Wa alaikumus salam Malam Ɗanjuma. Kafin komai, kada ruwa ya taɓa takardun nan, kada ka goge tabon, kada ka ɓamɓare salatif ɗin. Ciro su daga firam da busasshen hannu ka shimfiɗa a tebur mai tsabta. Kayan bincike uku kake bukata, duk akwai su a kasuwa: gilashin ƙara girma mai ninki 10 irin na masu gyaran waya, tocila, da ƙaramar fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba jabun kuɗi da ita.

An haifi Pierre-Joseph Redouté a 1759 a Saint-Hubert, cikin ƙasar da yau ake kira Beljiyam, ya rasu a Paris a 1840. Zanenka na farko daga littafinsa Les Liliacées yake, wanda aka riƙa fitarwa kashi-kashi daga 1802 zuwa 1816, juzu'i 8, zane 486, da ɗaurin gindin Joséphine matar Napoleon. Shi da hannunsa fentin ruwa ya yi a kan fatar maraƙi da aka gyara ta zama kamar takarda, kuma waɗannan ne aka yi gwanjonsu a New York a 1985 kan dalar Amurka miliyan 5.5. Abin da ke yawo a hannun mutane bugu ne da masu sassaƙa suka kwaikwayo daga nasa. Pinx. na nufin shi ya yi fentin, sunan mai sassaƙar kuwa yana kusurwar dama da sculp. a bayansa.

Ga yadda aka buga na asalin, domin nan hujjar take. Ba layi aka ja a farantin jan ƙarfe ba, ɗigo ƙanana aka huda: inda ake son inuwa a cunkushe su, inda ake son haske a warwatsa. Sai a ɗauki ɗan ƙullin tsumma a shafa tawada kala-kala a faranti ɗaya, kore wurin ganye, ja wurin fure, a share rarar, a ɗora takarda mai danshi, a tura cikin injin matsi. Kowace takarda ɗaya sai an sake shafa tawadar daga farko. Bayan ta bushe a bi da buroshi a ƙarasa da hannu.

Saboda matsin nan, gefen farantin yakan bar gurbi mai kusurwa huɗu a kewayen zanen. Kashe fitilar ɗaki ka kwantar da tocila a gefen takardar, hasken ya bi samanta, gurbin zai fito. Amma kada ka yanke hukunci da shi kaɗai, don masu kwafi ma sukan danna farantin da babu komai a jikinsa su yi gurbin ƙarya. Gilashin shi ne alƙali. Ɗora shi a kan koren ganye. Idan na asali ne za ka ga ɗigon kore zalla, wani babba wani ƙarami, ba a jere suke ba. Idan bugun injin zamani ne za ka ga ɗigon shuɗi, ja, rawaya da baƙi a jere daidai, suna haɗa 'yan ƙananan zobba. Duba rubutun ƙasa ma: a na asali bakin harafi tsaf yake, tawadar ta ɗan tashi sama da takarda. Sai shuɗiyar fitila. Takardar da ta yi ƙyalli fari-shuɗi an sa mata sinadarin ƙara fari, shi kuwa sai wajen 1950 ya shiga masana'antar takarda. Rashin ƙyalli ba ya tabbatar da tsufa, ƙyallin ne ke tabbatar da sabunta.

Girman ma ya sa ni shakka. Shafin Les Liliacées ya kai kimanin santimita 52 da 35. Mai 40 da 30, ko an datse shi ko girman firam ɗin kanti aka bi aka buga.

Na biyun wata sana'a ce daban. Lith. bugun dutse ne, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Munich a ƙarshen shekarun 1790. Ana zane da fensir mai maiƙo a kan shafaffen dutsen farar ƙasa, a jiƙa dutsen, a bi da tawada mai mai, ta kama inda maiƙo yake ta guji inda ruwa yake. Del. et lith. na nufin Fitch ne ya zana tsiron, shi ne kuma ya ɗora a dutse, Vincent Brooks mai maɗaba'a ne a Landan. Irin wannan ba shi da gurbin faranti, kada rashinsa ya dame ka. A gilashi layin zai fito da tsaki-tsaki irin na fensir a kan abu mai kaushi, kalar kuwa shafe take babu ɗigo, wani wuri ta ɗan ƙetare layi, wani wuri ta taru a baki ta yi duhu. Hannun mutum ke nan. Duba gefe ɗaya ko akwai hujin ɗinki, alamar daga mujalla aka cire.

In don ta ni ne, ƙaramin ya fi kama da na asali. Sunan Redouté an cika kalanda da katunan gaisuwa da shi, shafin mujalla kuwa kuɗinsa bai kai a wahala wajen yin jabunsa ba.

Malama Hadiza, Marwa

Malam, idonka bai yi maka ƙarya ba. Gatarin kurege ne, wanda wasu ke kira baurere ko gudumar zomo, sunansa na kimiyya Gloriosa superba, masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa masa a 1753. Ba ɗan Turai ba ne, a Afirka da kudancin Asiya yake fita, shi ne ma furen ƙasa na Zimbabwe. Ta Asiya Turawa suka fara saninsa. Yana cikin Hortus Malabaricus, littafin tsirran gaɓar Malabar ta Indiya da aka buga a Amsterdam tsakanin 1678 da 1693, masanin tsirrai Paul Hermann kuma ya kira shi Methonica a 1687. Masanan Faransa na zamanin Redouté wannan tsohon suna suka riƙe, shi ya sa ka gan shi a takardarka.

Shi ma wanda ya ce maka lili ne yana da inda ya ɗauko. A wancan lokaci dangin lili babban buhu ne da ake zuba kusan duk tsiro mai ganyen fure shida a ciki, littafin Redouté ma cike yake da tsirran da yau an raba su dangi-dangi. Lili na ainihi, jinsin Lilium, na Turai ne da Asiya da Amurka ta Arewa, ba ya fita daji a ƙasashenmu. Gatarin kurege yanzu yana dangin Colchicaceae, albasar kwaɗi, wato Crinum, tana dangin Amaryllidaceae, bado kuwa ko kusa ba ya cikinsu.

Abin da ya kamata ɗalibai su koya daga tsohon zane shi ne inda za su sa ido. Wuri na farko gidan iri. A lili da gatarin kurege gidan irin yana zaune a cikin furen, ganyayen fure daga ƙarƙashinsa suke fitowa. A albasar kwaɗi yana ƙasa da furen, wani ɗan kumburi kore a gindin dogon bututu, furannin kuma a tattare suke a kan sanda ɗaya marar ganye. Duka ukun ganyen fure shida ne, sandunan garin fure shida, gidan iri mai ɗaki uku, saboda haka ƙirga ba ya raba su, mazaunin gidan iri ne ke rabawa. Gatarin kurege yana da wata alama tasa shi kaɗai: sandar mace da ke fitowa daga kan gidan iri ba ta miƙe ba, tun daga gindi ta karye gefe, bakinta ya rabu uku. Mai zanen da ya miƙar da ita bai kalli tsiron ba.

Wuri na biyu ƙarƙashin ƙasa. Kan lili ɓawo-ɓawo ne masu kauri a jere sako-sako, babu busasshiyar riga. Albasar kwaɗi albasa ce sosai mai riga. Gatarin kurege saiwa ce mai reshe biyu da ta lanƙwashe, siffar da ta jawo masa sunan. Shi ya sa masu zanen kirki ba sa barin gindi, ko da baƙin layi kawai za su yi shi a gefe.

Farin furenka, bisa yadda ka siffanta, Lilium auratum ne na Jafan. A 1862 ya yi fure a Ingila a gonar renon tsirrai ta gidan Veitch, masanin tsirrai John Lindley ya ba shi suna, a shekarar kuma ya fito a Curtis's Botanical Magazine. William Curtis ne ya kafa mujallar a 1787, kuma har 1948 da hannu ake shafa wa zanenta kala. Walter Hood Fitch ya yi mata zane daga 1834 zuwa 1877, fiye da 2,000, shi ne kuma ya yi zane 48 na babban littafin Henry Elwes kan jinsin lili. Ba sa rubuta sunan tsiro a jikin zanen, lamba kawai, bayanin yana shafin da ke kusa. In ka ga lambar, nemi juzu'in 1862 a shafin Biodiversity Heritage Library, kyauta ne, ka gwada da naka.

Gargaɗi ɗaya: kada a gane tsiro da kalar tsohon zane. Hannaye da yawa ne suka shafa, kwafi biyu ba sa zuwa ɗaya, ja kuma yana koɗewa. Ƙari a kan haka, tsiron da aka rena a ɗakin gilashi a Paris ba lallai ya yi kama da na dajin Binuwai ba. A busassun wurare akan samu gajere wanda bakin ganyen furensa bai yi tattara sosai ba. Wasu masana na ware shi da sunan Gloriosa simplex, wasu na haɗa shi da superba. Idan ɗalibai suka ga nasu ya saɓa wa na Redouté, nasu za su zana.

Malam Abakar, Injamena

Allah gafarta Malam, ni ta fuskar adana tsofaffin takardu zan sa baki. Mu da muka saba da Alƙur'anai rubutun hannu mukan ɗaga takarda a haske mu nemi layuka da tambarin wata uku. Kada ka nemi layukan a nan. Littafin Redouté da mujallar zamanin Fitch duk a kan takarda mai santsi marar layi aka buga su.

Tabon tsatsa daga abu biyu yake: ɓurɓushin ƙarfe da ya shiga takarda tun wurin yi, da fumfuna, danshi kuma shi ke tayar da duka biyun. Ba a cire shi a gida. Ruwan Javel, wato bilic, zai ɗauke tabon ya ɗauke kalar hannun tare, ya cinye zaren takardar, bayan 'yan shekaru ta fara marmashewa. Lemon tsami da shanya a rana ma ɓarna ne. Abin da za ka iya shi ne hana shi ƙaruwa.

Salatif ɗin, in ya bushe har yana faɗuwa da kansa, bar shi ya faɗi. In yana riƙe, sa reza ka yanke shi ta ɓangaren kwalin baya, ka bar guntun a jikin zanen. Fizgar salatif ɗin za ta taho da fuskar takardar. Kwalin baya ko filawud ɗin da ke cikin firam jefar da shi, tsamin da ke jikinsa ne ke mayar da takarda ruwan ƙasa. Kada kuma gilashi ya sake taɓa zanen. Masu shafa kala na da sukan ɗora ruwan ƙaro a wurare masu duhu don su yi sheƙi, in ka karkata takardar a haske za ka gani. Raɓa na taruwa a bayan gilashi, ƙaron ya narke ya manne, ranar buɗewa fentin ya bi gilashi.

Matsalarmu a nan ba zafi kaɗai ba ne, sauyi ne. Takarda ta fi son danshin iska tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100. Daga hunturu zuwa Maris namu yakan faɗi ƙasa da 20, takarda ta bushe ta yi tauri, a Agusta ya haura 70, fumfuna kuwa daga wajen 65 take fara aiki. Wannan kumbura da tsukewa duk shekara shi ke sa takarda ta yi kwari da tudu, fenti ya tsattsage. To a rage saurin sauyin. Sa kowane zane shi kaɗai cikin takardar fentin ruwa ta auduga da aka ninke biyu. In babu, sabuwar farar takardar fotokwafi ta fi kwali da jarida nesa ba kusa ba, don akasarinta yanzu ba ta da tsami. A kwance za ka ajiye, cikin akwatin roba mai murfi da ke rufuwa ruf. Da damina sa 'yan ƙullin silika irin na cikin kwalin takalmi ko magani, kamar giram 50, kada su taɓa takardar. In sun sha ruwa a gasa su a tanda mai zafin digiri 120 na awa ɗaya zuwa biyu. Kaka na yi ka cire su, in ba haka ba bushewar ta yi yawa.

Akwatin ya zauna a kan kantar ƙarfe, nesa da ƙasa da santimita 20 aƙalla, kada ya jingina da bango, saboda gara. Kada ya kwana kusa da rufin kwano. Kyankyaso na bin sitaci da ƙaro, amma ba a fesa maganin ƙwari a kan takarda, maiƙonsa ba ya fita. Ganyen dogon yaro da ake sawa cikin littattafai a ƙulle shi a tsumma, busasshe, a gefen kanta.

In lallai sai an mayar cikin firam, a yanka taga a kwali marar tsami don ya raba zanen da gilashi, a riƙe shi da 'yan aljihunan takarda a kusurwa huɗu, babu manni ko kaɗan. In ana bukatar manni, na sitacin alkama ne: a kwaɓa fulawa, a wanke curin cikin ruwa, a bar farin ruwan ya kwanta, a tsiyaye. Cokali ɗaya na sitacin da cokali biyar na ruwa, a dafa a wuta kaɗan ana juyawa kamar minti 20 har ya zama garai-garai, a tace in ya huce. Kwana biyu ko uku yake yi ya lalace. Amfaninsa, danshi kaɗan ke sake shi ko bayan shekaru.

Amma shawarata, kada ka rataye na asali a aji. Gidajen tarihi ba sa wuce lux 50 (ma'aunin ƙarfin haske) ga irin wannan, ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga kuwa ya ninka hakan sau da yawa. Ɗauki hotonsa a inuwa, a buga, a rataye kwafin.

Malam Ɗanjuma, Garwa

Allah ya saka da alheri. Na gwada. Babban ya yi ƙyalli a shuɗiyar fitila, zobban ɗigon kala huɗu kuma ga su nan ɓaro-ɓaro, babu gurbin faranti. Ƙaramin bai yi ƙyalli ba, kalar shafe take, ta ƙetare layi a bakin ganye biyu, akwai hujin ɗinki a gefe. Lambar ta fito, na duba a shafin da Malama ta ce, Lilium auratum ne. Ya shiga akwati, babban zai hau bangon aji. Saura maganar zanen ɗalibai.

Usmanu Mai Zane, Kusiri

Malam, ga tsarin da ke aiki. Kayan kowane ɗalibi: fensir 2H da HB, rula, kamfas mai tsini biyu, takarda mai santsi mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita in za a sa fenti, buroshi lamba 0, 2 da 6. Takarda mai kaushi tana cinye ƙananan bayanai, mai nauyi ƙasa da giram 200 kuma tana tattarewa da ta sha ruwa.

A yanko tsiron da sassafe, a tsoma gindinsa cikin kwalbar ruwa nan take, a ajiye a inuwa. Da fure ake farawa, don shi ke fara yaushi, ganye da saiwa za su jira. Haske ya zo daga hagu ta sama, taga ɗaya, a rufe sauran, in ba haka ba inuwa biyu za ta rikita siffar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne fara zana bakin ganyen fure ɗaya-ɗaya, a ƙare furen ya karkace. A fara da ƙashin baya. Ja layi ɗaya mai sauƙi da 2H daga sandar furen ya ratsa tsakiyar gidan iri. A kewayensa a yi da'ira, ko siffar ƙwai in furen a karkace yake, inda bakin sandunan garin fure shida za su tsaya. A raba ta shida. Sai layin tsakiyar kowane ganyen fure, daga gindi har tsini, har da ɓangaren da ya ɓuya a bayan wani, don ya fito a inda ya dace. Tattarar baki ita ce ta ƙarshe. Kowane tsawo a ɗauko shi da kamfas daga jikin tsiron a sauke a takarda, girman rai. Ganyen furen gatarin kurege yakan yi santimita 5 zuwa 8, jakar garin fure kamar santimita 1, a tsakiyarta take maƙale tana lilo, ba a gindi ba. Ɗalibi ya rufe ido ɗaya lokacin awo, kansa kuma kada ya sauya wuri.

Shafi cikakke yana da reshe mai ganye da ƙugiyarsa, toho, fure ta gaba da ta gefe, kwanso in an samu, da saiwa. A ƙasa a jera ƙananan yanka: fure da aka tsaga a tsaye, gidan iri da aka yanka a kwance ɗakuna uku su fito, ganyen fure ɗaya a shimfiɗe, sandar garin fure ɗaya. Waɗannan ana ƙara musu girma sau 2 ko 3.

Fenti daga mai haske ake tashi. Rawaya tukuna, siriri, a bari ya bushe sarai, sannan ja daga tsini zuwa tsakiya, a bi bakinsa da buroshi mai ruwa zalla don kada iyaka ta fito. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri. Furen yana sauya kala, toho kore-rawaya, tsoho ja wur, saboda haka a yi ɗan gwajin kala a gefen takarda tun awa ta farko a riƙe shi. Ga albasar kwaɗi ba a sa farin fenti, takardar ce farin. Inuwarta toka-toka ce da aka haɗa daga shuɗi da ɗan ja da ɗan rawaya. Baƙi yana kashe fure.

In iska ta bushe fenti na bushewa a bakin buroshi ya bar zobe. A yi aiki kafin hantsi, a sa ɗigon zuma ɗaya a kofin ruwan haɗi. Fenti mai arha da ke gogewa kamar alli ƙaro ne ya yi masa kaɗan. Nemi kitir, wato ƙaro mai tauri na itacen dakwara, ya fi talha, ƙaro mai saurin marmashewa. Kashi ɗaya nasa da kashi biyu na ruwan ɗumi, ya kwana, a tace da tsumma, a riƙa sa ɗigo ɗaya ko biyu. In ya yi yawa fentin zai yi sheƙi ya tsage.

Malama Hadiza, Marwa

Malam Usmanu ya kawo tsari mai kyau, amma a wuri biyu zan ja. Na ɗaya, saiwar. Gatarin kurege guba ne daga sama har ƙasa, sinadarin kolcisin ya fi taruwa a saiwa da iri, an kuma sha samun waɗanda suka ɗauke ta a matsayin doya. Cikin 'yan awoyi amai da gudawa ke farawa, babu wani tabbataccen makari, sai gaggawar kai mutum asibiti. Malami kaɗai ya tono, guda ɗaya, da safar hannu, ta zauna cikin kwalba a rufe ɗalibai su zana ta haka. Yankan gidan iri ma shi zai yi, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Na biyu, kada a rubuta sau 2 ko sau 3 kaɗai. Da an yi fotokwafi an rage, lissafin ya tashi. A ja ɗan layi kusa da kowane sashe a rubuta santimita 1 ko milimita 5, shi yana raguwa tare da zanen.

Kuma a busar da reshen da aka zana, shi ne shaidar zanen. Tsakanin jaridu, kwali sama da ƙasa, nauyi a kai, a sauya jaridar kullum da damina har ya bushe. Albasar kwaɗi sai an tsaga kan an tsoma a tafasasshen ruwa, in ba haka ba ci gaba da tsiro take yi a cikin matsi. A yi biyu ko uku a raba wurare. Masanin tsirrai Carl Ledermann ya tattara tsirrai a yankin Garwa a 1908 da 1909 aka kai Berlin, a Maris 1943 bam ya ƙone akasarin ma'ajiyar tsirran da ke can. Ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a miƙa wa Makarantar Namun Daji ta Garwa ko Ma'ajiyar Tsirrai ta Ƙasa a Yawunde. Takardar shaida ta ƙunshi rana, wuri, irin ƙasa, tsawon tsiron, abin da ya hau, kalar fure yana ɗanye, sunansa da Hausa da Fulatanci, da lamba ɗaya da za a rubuta a jikin zanen ma, da fensir.